Zare a Hannun Hagu

Gure ba garin dambe ba ne. Wanda ya bar Damagaram ya nufi gabas bisa hanyar Difa, bayan kilomita 160 da ƴan kai zai iske kansa a ƙasar Muniyo, ƙasar Mangawa, mai tuddan yashi da kwarurrukan kanwa da dabino, kuma abin da ke tara mata jama'a bayan kaka shi ne kokowa. Tun da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa cikin 1975, burin kowane ƙaƙƙarfan saurayi shi ne ya samu shiga cikin goman da jiha ke aikawa. Dambe kuwa na ƴan tsiraru ne: mahauta Hausawa da ƴaƴansu, waɗanda suka gaje shi tare da wuƙa da jantaɓi, suke yin sa a bakin gari idan hatsi ya shiga rumbu.

A cikin waɗannan tsirarun akwai wani tsohon mahauci da ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa, yanzu kuma yake riƙe da samari shida ko bakwai. Abokin hirarsa wani malamin makarantar boko ne da ya aje alli bayan shekara talatin da ƴan kai, wanda har gobe gari ke kira Mushe. Shi ne ma'ajin ƴar asusun da samarin ke tarawa don kuɗin mota da goron makaɗa, saboda haka babu shawarar da ake yankewa ba da saninsa ba. Wata shekara da kaka, wani yaro ya zo daga kudu, daga wajen Gashuwa, tare da fataken shanu. Ya samu aikin fiɗa a mahauta, kuma tun ranar farko aka lura da hagu yake riƙe wuƙa. Da yamma ya je kallon dambe, aka ja shi da wasa, ya miƙa hannun hagu a ɗaure masa. Kafin makaɗi ya gama ɗumama kalangu, babban yaron tsohon, ɗan ƙanensa, wanda shekara biyu ba a kai shi ƙasa ba, yana zaune cikin ƙura yana duban sama.

Washegari magana ɗaya ce a bakin samari: a ɗauke shi. Ɗauka kuwa ba abin wasa ba ce. Ciyarwa ce da makwanci, kujera ce a mota duk lokacin da za a tafi Damagaram ko Maraɗi, wadda dole a janye ta daga wani. Fiye da wannan duka, suna ne. A duniyar dambe yaro da sunan ubangidansa ake kiransa: Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Wanda ya saurari jerin ƴan wasa a gidajen damben Kano ko Abuja, inda ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada ke karawa, zai ji Bahagon wane fiye da sau ɗaya, amma ba zai ji an yi wa kowa laƙabi da hannun dama ba. Tsohon da ya ba yaro sunansa, in yaron ya faɗi a gaban jama'a, da shi aka faɗi.

Mushe ne ya fara ja da baya, kuma dalilinsa na farko ba na dambe ba ne, ko da yake bai faɗe shi ba. Shekara talatin ya yi yana bi tsakanin kujerun aji da ƴar bulala, yana cire alƙalami daga hagu yana mayarwa dama, kamar yadda aka yi masa horo, kamar yadda iyaye ke roƙonsa. Harshen da yake koyarwa da wanda ya sha a nono duk sun goyi bayansa. A Faransanci kalmar "gauche" hagu ce, kuma ita ce rashin iya hannu. "Adroit", gwani, daga dama ta fito. Bahaushe ma in ya ce bahaguwar fahimta ko bahagon tunani ba yabo yake yi ba. Ladabin ci da sha da miƙa abu da dama yana da tushe a addini, babu mai jayayya da shi. Amma bulalar aji ta ƙetare wannan iyaka, ta kai ga rubutu da zane da jifa, inda babu wanda ya aike ta. Ga shi yanzu, a gaban idonsa, hannun da ya ƙare aikinsa yana kora shi ne ake neman a saya da tsada. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya koma ga abin da ya iya, wato bin diddigi.

Da farko ya zana abin a ƙasa da tsinke. Ɗan dambe hannu biyu gare shi masu aiki daban: wanda aka naɗe da ƙyalle aka bi da zare shi ne mashi, yana ja da shi baya yana jiran kafa, buɗaɗɗen kuwa shi ne garkuwa, yana miƙe a gaba tare da ƙafar gefensa. In masu dama biyu suka fuskanci juna, mashin kowanne yana tahowa ne ta gefen hagun abokin karonsa, daidai inda garkuwa take tsaye. In bahago ya shigo, lissafi ya rikice. Garkuwa ta ci karo da garkuwa, ƙafar gaba na taka ƙafar gaba, mashi kuma ya biyo ta gefen da babu mai gadi. Har nan samari sun yarda, suna gyaɗa kai. Sai Mushe ya juya zanen ya nuna musu abin da ba su duba ba: ƙofar da ke buɗe a jikin mai dama, irinta ce a buɗe a jikin bahago. Tsayuwar ba ta fifita kowa ba. Bambancin kawai sabo ne. A cikin mutum goma kusan ɗaya ne bahago, saboda haka shi kullum da masu dama yake sa zare, ya san hanyarsu kamar hanyar rijiya. Su kuwa sai su shekara ba su gamu da irinsa ba.

Wannan ba tunanin Mushe kaɗai ba ne. A 1996 Michel Raymond na Montpellier, a Faransa, da abokan bincikensa sun nuna cewa bahagwai sun fi yawa a wasannin da mutum ke fuskantar mutum, irin su damben zamani da wasan takobi, fiye da yadda suke a wasannin da kowa ke yin nasa shi kaɗai. Hujjarsu ita ce ƙarancin bahago shi ne jarinsa: da za su yi yawa, da ribar ta narke. Ke nan abin da ake shirin saya ba ƙarfin yaron ba ne tukuna, rashin sanin abokan karonsa ne. Shi kuwa rashin sani haja ce mai saurin lalacewa, kamar nama a rana.

Babu inda aka auna wannan haja da mudu kamar Amurka, a wasan besbol, inda mutum ɗaya ke jefa ƙwallo wani kuma yana tsaye da kulki yana neman ya doke ta. An daɗe da gane cewa mai duka da hagu yana shan wuya a gaban mai jifa da hagu, domin ƙwallon da aka murɗa tana karkata ne tana guje masa. Sai ƙungiyoyi suka riƙa ɗaukar bahago na musamman su aje shi a gefe. Can kusa da ƙarshen wasa, in wani gwanin bahago ya zo duka, a kira shi ya yi jifa kaɗan, ya koma ya zauna. Da irin wannan aiki Jesse Orosco ya ƙarasa shekarunsa na wasa, har ya bari a 2003 yana da shekara 46, bayan ya yi jifa a wasa 1,252, adadin da ba a kai ba har yanzu. Amma a 2020 hukumar wasan ta kafa doka cewa duk mai jifan da aka shigo da shi sai ya fuskanci aƙalla mutum uku, ko ya kai ƙarshen zagayen da ya shigo a ciki. Daga ranar tambayar masu ɗauka ta sauya. Da suna cewa: yana iya kayar da bahago ɗaya? Yanzu sai su ce: in mai dama ya biyo baya, me ya rage masa?

Da Mushe ya kawo wannan labari a rumfar nama, tsohon ya yi dariya har ya aje wuƙa. "Mushe," ya ce, "su sai yanzu suka gano? Mu turmi uku ne tun kakanni, kuma ba a canja wa mutum hannu a tsakiyar fage."

Gwajin da ya shirya bai buƙaci alƙalami ba. Ya ce yaron da ɗan ƙanensa su sa zare yamma uku a jere, ba kiɗa, ba ƴan kallo. Ranar farko aka yi kisa a turmin farko, kamar dai wancan karon. Rana ta biyu ɗan ƙanen ya daina zagayawa ta inda ya saba, ya riƙa aje ƙafarsa ta gaba a wajen ƙafar bahagon, sai a turmi na uku aka same shi. Rana ta uku babu kisa. Samari suka yi tsit, kamar an yi musu sata. Tsohon kuwa a ranar ce kawai ya tashi tsaye ya duba da kyau, domin a ranar ce mamaki ya ƙare, yaron ya fito shi kaɗai. Abin da ya gani ya kasu biyu. Ƙafafu masu kyau, numfashi mai tsawo, kuma ba ya fushi in an taɓa shi, wanda shi ne abin da ba a koyarwa. Amma garkuwarsa raggo ce. Ya saba gamawa da wuri, bai taɓa buƙatar ta ba, tana saukowa duk lokacin da ya ɗaga mashi. Mai haƙuri da ya gan shi sau biyu zai jira wannan saukowar.

A nan abokan biyu suka saɓa. Mushe ya ce asusu ba ta da ƙarfin sayen abin da kwana uku ke cinyewa, balle a zamanin da kowane karo ana ɗaukarsa da waya, kafin mota ta dawo Gure an gama kallonsa a Facebook daga Kano har Yamai. A da bahago na iya yawo gari gari da sirrinsa kaka guda cur, kowane fage sabo ne. Yanzu wanda bai taɓa ganinsa ido da ido ba ya san ta inda yake tahowa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta fi gaskiya a kan bahagon da ba shi da komi sai hagunsa.

Tsohon bai musa ba, sai dai ya duba abin ta wani gefe. Ya ce kallo a waya daban, jin iskar zare a kunnen dama daban. Ido na iya sani, jiki bai sani ba. Sannan ya ce ba yaron ya kamata a auna ba, ɗan ƙanensa ya kamata a auna: wanda aka zaunar cikin ƙiftawar ido ranar Laraba, ga shi ranar Asabar ya yi turmi uku a tsaye. Wane boka ne zai ba da wannan cikin kwana uku? Duk fagen da za su je akwai bahago ɗaya ko biyu da ke jiran baƙi, kuma shekara da shekaru yaransa can suke faɗuwa, ba don an fi su ƙarfi ba. In yaron ya zauna a gidan, kowane ɗayansu zai tashi da sabon hagu a jikinsa. Ko da bai taɓa kawo kisa ɗaya daga waje ba, ya biya tuwonsa. In kuma aka gyara garkuwar, wannan riba ce a kan uwar kuɗi.

Mushe ya yi shiru mai tsawo. Ya saba da tunanin cewa yaro ɗaya da ya bambanta a aji matsala ce da za a daidaita. Bai taɓa lissafa shi a matsayin abin da sauran arba'in za su ƙaru da shi ba. Ya buɗe littafin asusu, ya rubuta sharaɗi biyu da tsohon ya yarda da su: kujerar mota ta kakar nan ta ɗan ƙanen ce, kuma ba za a kira yaron da sunan gidan a fage ba sai garkuwarsa ta tsaya.

Da la'asar aka kira yaron aka gaya masa. Ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba." Tsohon ya ɗauko zare don ya ɗaure masa da kansa, kamar yadda ake yi wa ɗan gida. Ya fara naɗi, ya tsaya, ya warware, ya sake, domin shekara hamsin hannunsa ta gefe guda ya san zagaye, kuma sai da yaron ya nuna masa ta inda kullin ke kwanciya. Mushe ya fasa goro ya miƙa masa tsagi ɗaya. Hagu na ɗaure, yaron ya karɓa da dama.