Akwati Huɗu, Jirgi Uku: Daga Yamai Zuwa Greensboro

Ya ku ƴan uwa masu karatu, magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi ce, mu kuwa mun shaida haka a watan Oktoba na 2019, lokacin da aka ɗora mana nauyin raka mahaifiyarmu zuwa Amurka domin ta ga jikanta na fari. Yayanmu yana zaune a Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar masu yawa suka yi kaka-gida. Mun sani cewa tun 2025 samun bizar Amurka ya tsananta ƙwarai ga ƴan ƙasarmu, amma abin da muka koya game da kaya da duwan yana da amfani ga duk mai tafiyar da ake sauya jirgi a hanya, ko ɗalibi ne, ko ɗan kasuwa, ko mai neman magani.

Shirin tafiya ya fara ne da ɗaurin kaya. Tikitinmu ya ba kowane mutum akwati biyu, kowane kilo 23, da ƙaramar jaka ta hannu. Da labari ya bazu a unguwa sai saƙo ya yi ta shigowa, domin kusan kowane gida yana da ɗa ko ƙane a can. Mahaifinmu ya kafa sharaɗi guda: ba za a karɓi ƙunshin kowa ba sai an kwance shi a gaban mai shi, an ga abin da ke ciki, an rubuta a takarda. Wata maƙwabciya ta ji haushi, ta ce tun da take ba a taɓa tuhumarta ba. Baba ya ce mata: “Hajiya, ba tuhuma ba ce. Yaron nan za a tambaye shi abin da ya ɗauko, kuma ba na son ya amsa da abin da bai sani ba.” A daren tafiya ma wani ya tare mu a ƙofar filin jirgi da ƙunshi naɗe da salatif, muka ba shi haƙuri. Ranmu bai so ba, amma daga baya mun gode Allah.

Filin jirgin Diori Hamani a lokacin sabo ne fil, domin an sake gina shi saboda taron Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a watan Yuli na wannan shekara. Aka auna akwatunan, aka liƙa wa kowane doguwar takarda mai haruffa uku-uku: CMN na Kazabalanka, JFK na Niyok, CLT na Charlotte, inda Yaya zai tarbe mu da mota. Aka ba mu ƙananan rasit huɗu masu lamba, muka cusa su a aljihu ba tare da kula ba. Ganin CLT ya sa muka ɗauka cewa mu da akwatunan sai a ƙarshen tafiya. Ma'aikaciyar ta yi wani bayani, amma hayaniyar bankwana ta hana mu saurara, kuma laifin namu ne.

Bayan kusan awa huɗu muka sauka filin jirgin Muhammadu na Biyar, wanda ke Nuwasar, kimanin kilomita 30 daga Kazabalanka. A nan zatonmu ya yi daidai. Mai wucewa da tikiti ɗaya ba ya shiga ƙasar Maroko a idon doka, yana zaune ne a zauren masu jiran jirgi, ba ya ganin akwatinsa, kuma ƴan duwan ba su da aiki da shi. An sake binciken jikinmu da jakunkunan hannu, muka yi sallar asuba a ɗakin da aka tanada, Inna ta sayi kwalbar turare domin surukarta, aka sa mata a leda aka liƙe bakin. Muka zauna muna kallon jama'a: ƴan Senegal da manyan riguna, ƴan Mali, ƴan Gini, Larabawa, kowa da inda ya nufa.

Allah ya haɗa mu a jirgi na biyu da wani dattijo ɗan Tawa, wanda ya shekara fiye da ashirin yana tuƙin taksi a Niyok. Da ya ji inda za mu sai ya tambayi tazarar da ke tsakanin saukarmu da tashin jirgi na uku. Muka ce awa biyu da rabi. Ya girgiza kai ya ce: “Ɗana, lokacin nan ya yi kaɗan. Ka san za ku ɗauki kayanku a Niyok?” Muka nuna masa rasit mai CLT. Ya yi murmushi ya ce takardar tana faɗin inda akwati zai ƙare ne kawai. Dokar Amurka ita ce, a filin jirgin da ka fara sauka a nan ake duba fasfonka, a nan kake ɗaukar akwatinka da hannunka, ka bi da shi ta gaban duwan, sa'an nan ka mayar wa kamfanin jirgi. Dalili kuwa shi ne jirgi na gaba na cikin gida ne, fasinjansa suna fita kai tsaye zuwa titi ba tare da wani bincike ba. Wanda ya wuce bai ɗauki kayansa ba, to ya bar su a baya. Matambayi ba ya ɓata, amma mu ba mu ma san akwai abin tambaya ba.

Kafin sauka aka raba wata takarda shuɗiya, ɗaya ga kowane iyali, wadda a yau sau da yawa jami'i ke maye gurbinta da tambayar baki. Tana tambaya ko kana ɗauke da abinci, nama, ƴaƴan itace, iri ko tsiro. Ko ka taɓa dabbobin kiwo kwanan nan. Ko kuɗin da ke hannunka sun haura dala 10,000. A akwatinmu akwai kilishin Madawa kilo uku, wanda Inna ta aika aka yi musamman domin Yaya, ga yaji, ga garin kuka, ga turaren wuta. A gida kuwa Inna da hannunta take ba awakinta dusa kullum safe. Muka karanta mata tambayoyin da Hausa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: “Kai, yanzu in an rubuta kilishin nan karɓewa za su yi? Shekara shida ɗan uwanka bai ɗanɗana ba.” Muka ce: “Inna, karɓewa za su yi.” Ta ce: “In ba a rubuta ba fa?” Dattijon ya sa baki ya ce wanda ya bayyana abin da ya ɗauko ba a cin sa tara, iyaka a karɓe, amma wanda ya ɓoye aka gano zai biya ɗaruruwan daloli, kuma abin yana iya shafar bizarsa. Inna ta ja carbinta ta ce: “Ban zo da furfurata in yi ƙarya a ƙasar mutane ba. Rubuta.”

Bayan kusan awa takwas a sama muka sauka Niyok, agogonmu na gida yana gaba da nasu da awa biyar. An buɗe wannan fili a 1948, aka sa masa sunan shugaba Kennedy a ƙarshen 1963, bayan kashe shi. Girmansa ya fi ƙarfin kwatance, gine-gine ne daban-daban, kowane kamar filin jirgi mai zaman kansa. Layin duba fasfo ya ci mana fiye da awa guda, Inna tana tsaye da ciwon gwiwa. Sai a nan muka ga ana tura waɗansu tsofaffi a keken guragu ana wucewa da su, muka gane cewa hidima ce ta kyauta da ake nema tun lokacin sayen tikiti. Jami'i ya ɗauki hotonmu da zanen yatsu, ya tambayi wurin wa za mu da tsawon zamanmu, ya buga hatimi.

A zauren kaya muka tarar da akwatunanmu huɗu suna zagaye a kan bel. Muna ɗora su a amalanke sai ga wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, wata jami'a tana riƙe da igiyarsa. Tun 1984 Amurka ke horar da irin waɗannan karnuka domin sansano abinci a kayan matafiya. Ya zagaya, ya zo ya zauna daidai gefen jakar hannun Inna. Ta ja da baya tana salati. Aka buɗe jakar, sai ga tuffa guda da aka ba ta a jirgi, ta adana saboda ba ta saba zubar da abinci ba. Ita ma haramtacciya ce, ko da kuwa a jirgi aka bayar. Jami'ar ta dubi takardarmu, ta ga mun amsa da e a kan abinci, ta nuna mana layin masu binciken kayan gona.

A can aka sa akwatunan a na'ura, aka buɗe biyu. Jami'in ya riƙa ɗaga ƙunshi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, mu kuwa muna duba takardar Baba muna amsawa da ɗan Turancin da muka samu a makarantar sakandare: wannan barkono ne daƙaƙƙe, wannan ganyen itace ne busasshe, wannan atamfa ce ta wance. Babu ƙunshin da muka yi inda-inda a kansa. Yaji da kuka da turare ya sansana ya mayar. Kilishi da tuffa ya jefa a wata babbar kwandon shara mai murfi. Ya yi mana bayani cikin ladabi cewa nama, ko da busasshe ne, yana iya ɗaukar cutar baki da kofato ta shanu, wadda rabon Amurka da ita tun 1929. Saboda maganar awaki kuma ya duba ƙasan takalmanmu. Ba a ci mu tara ba. Inna ba ta ce uffan ba, amma mun ga tana share ido da gefen mayafi.

Muna fita sai ga teburin mayar da kaya, ƴan taku kaɗan daga ƙofar duwan. Dattijon, wanda ya tsaya jiranmu don Allah, ya ce mu buɗe akwati mu sa kwalbar turaren Kazabalanka a ciki kafin mu miƙa, domin za a sake binciken jakar hannu, kuma tun 2006 ba a barin ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 sai da sharuɗɗa. Ya ce kuma maganin hawan jinin Inna da batirin cajin waya su zauna a jakar hannu. Muka yi sallama da shi, muka hau ɗan jirgin ƙasa marar direba da ke zagaya gine-ginen kyauta. Muna isa ƙofa aka ce jirginmu ya rufe minti goma da suka wuce.

A nan muka ga amfanin tikiti ɗaya. Da yake tun daga Yamai har Charlotte a haɗe aka sayar mana, sai aka mayar da mu jirgin dare ba tare da ƙarin ko dala ba. Da tikiti biyu ne daban-daban saboda neman araha, da sai mun sayi sabo. Mai tikiti a rabe kuma dole ya ɗauki kayansa a kowace tasha, wanda ke nufin shiga ƙasar, abin da kan buƙaci biza. Muka yi alwala, muka haɗa sallolin da suka samu matafiyi a wani lungu, muka jira.

Mun isa Charlotte da tsakar dare, akwati uku suka fito, na huɗu babu. Sai ga ranar ƙananan rasit ɗin nan. Muka kai su ofishin kaya tun kafin mu bar filin, aka cika takardar cigiya da lambar akwatin da adireshin Yaya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta tanadi cewa akwatin da ya kwana 21 bai iso ba ana ɗaukarsa ɓatacce, mai shi ya nemi diyya, wanda ya iso a lalace kuwa a rubuta ƙorafi cikin kwana 7. Namu bai kai haka ba, washegari da la'asar aka kawo shi har gida a Greensboro, tafiyar kimanin kilomita 150.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa kowace ƙasa da tsarinta. A Tarayyar Turai, wanda ya sauka Faris zai wuce Liyon da tikiti ɗaya ana duba fasfonsa a Faris, amma babban akwatinsa sai a Liyon yake haɗuwa da duwan. Can ma an hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kuma ana bayyana kuɗin da suka kai yuro 10,000. Saboda haka shawararmu ita ce, tun a teburin farko matafiyi ya tambaya a fili: a ina zan sake ganin akwatina? Ya bar tazarar aƙalla awa huɗu a tashar da zai bi ta duwan, ya nema wa tsoho keke tun da wuri, ya adana rasit tare da fasfo, ya san abin da ke cikin kowane saƙo, kuma ya faɗi gaskiya a kan abin da ya ɗauko.

Da Inna ta ba Yaya labarin kilishi, sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce akwai wani ɗan Maraɗi a garin da ke yinsa duk ƙarshen mako. Aka sayo, ta ɗanɗana, ta ce yaji bai ji ba. Ta sa aka ɗauko nata da ya tsallake duwan, ta barbaɗa, ta ɗauki jikanta ta ɗora a cinya.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya saka wa wannan dattijo da alheri.