Tankar Jamus da Idon Kawuna

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Jega ya san motar kara. Da an girbe dawa sai mu bazama gonaki neman kara mai kauri, mu feƙe ɓawon, mu yanka totuwar, mu fafe sakaina mu yi tayoyi. Gwani a cikinmu shi ne wanda motarsa ta fi kama da gingimarin da ke lodin albasa a Aliero, har da tsani da madubi. Wannan son ƙera ƙaramin abu mai kama da babba bai sake ni ba har na shiga jami'a.

Ana nan sai wani yayana da ya dawo daga karatu a Ingila ya kawo mini tsarabar kwali. Da na buɗe sai na tarar da gutsattsarin roba masu yawa, da takardar da ke nuna yadda za a haɗa su da gam su zama tankar yaƙin Jamus mai suna Tiger. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ne ya yi ta, girmanta kuwa kashi 1 cikin 35 na ta gaskiya. Ita ta gaskiyar ta fara shiga fagen fama a 1942, a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Nauyinta ya haura tan 50, mutum 5 ke aiki a cikinta, bakin igwarta kuma milimita 88 ne.

Na tafi da ita gida hutu, na yi kwanaki ina haɗawa. Launin jikinta bai ba ni wuya ba, domin na karanta cewa da farko Jamusawa ruwan toka mai duhu suke shafa wa tankokinsu, sai a watan Fabrairu na 1943 suka koma ruwan ɗorawa mai duhu. Inda gizo ke saƙa shi ne waɗansu 'yan tarkace da ake liƙa wa a sama da gefe, waɗansu ba su kai tsawon ashana ba. Shebur da gatari da guduma na gane su, sauran kuwa ko oho. Sai na yi abin da rago ke yi, watau na bi su duka da fenti guda, na ce ado ne.

Ran nan da la'asar ina zaune a zaure ina duban aikina, sai ga kawuna ya shigo. Tsohon direba ne, ya fara daga karen mota, ya yi shekaru yana kai albasa Kudu ta Maiyama da Yawuri da Kwantagora. Bai yi boko ba, kuma ba zan ɓoye ba, tun da na shiga jami'a hirata da shi ta tsaya ga gaisuwa, don a ganina ba mu da abin tattaunawa. Ya ɗauki tankar ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya jujjuya ta, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, wa ya shafe ma kayan aikin mutane da fenti haka?"

Na ce, "Kawu, ai ado ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya sa farce ya nuna wani ɗan dogon abu ya ce, "Wanga jak na. Wanga ɗan murabba'i da ke kusa kuwa katako na, shi aka ɗora ma jak don kada shi nutse cikin laka. Ka taɓa ganin katako da launin ƙarfe?" Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Igiyoyin da na zaci ƙawa ce ya ce wayar janwe ce, ta ranar da aka kafe. Lanƙwasasshen ƙarfen nan ya ce na murɗa inji ne idan batir ya mutu. Abu mai kama da almakashi ya ce na datse waya ne. Sanduna ne kaɗai suka tsayar da shi, ya yi shiru, can ya auna su da tsawon igwar ya ce lalle haɗa su ake yi a zura a goge cikin bututun. Da na koma ga littafi sai na tarar bai kuskure ko ɗaya ba.

Daga nan ya shiga koya mini launi, shi da bai taɓa riƙe buroshi ba. Ya ce ƙotar gatari inda hannu ke kamawa ta fi duhu da sheƙi saboda gumi. Bakin shebur fari yake zama fes don ƙasa na cinsa, tsatsa kuwa can wajen wuya take taruwa. Wayar janwe baƙa ce mai maiƙo, direban da ya bari tasa ta yi ja da tsatsa ba direba ba ne. Na kankare fentin da na yi, na sake bisa faɗarsa, shi yana zaune yana gyara mini.

Wuri guda ne ni ma na biya shi. A cikin kwalin yayana ya haɗo da 'yar jaka ta ƙananan jarkoki. Na gaya masa Jamusawa ne suka ƙirƙiro wannan mazubi mai cin lita 20 gab da yaƙin, sojan Ingila suka ga ya fi nasu suka kwaikwaya, suka laƙaba masa sunan Jeri da suke kiran Jamusawa da shi, daga nan ne kalmar jarka ta iso bakinmu. Na ƙara da cewa ta ruwa sukan yi mata farin gicciye don kada a haɗa ta da ta mai. Ya riƙe baki ya ce shi tsumma yake ɗaura wa tasa. Amma ko a nan sai da ya fi ni, don da ya ga mariƙi uku a kanta nan take ya ce na tsakiya na mutum ɗaya ne, na gefe kuma don mutum biyu su kama.

Da zai tashi ya sake duban tankar ya ce, "Abin kashe mutane na, amma dubi kayan da ke bisanta, duk na leburori. Waɗanda anka sa ciki su ma sun sha laka awa mu." Wannan magana ta zauna mini. Na san shekarar da aka ƙera tankar da nauyinta da faɗin igwarta, amma ban taɓa tunanin mutanen da ke fitowa su haƙa ƙasa da shebur in ta kafe ba.

'Yan'uwana ɗalibai, mukan koma gida hutu muna ganin mun fi kowa sani, alhali kuwa a zaurukanmu akwai direbobi da maƙera da masunta da manoman albasa waɗanda ke ɗauke da sunayen kayan aiki da sirrinsu, yawanci ba a rubuta su a ko'ina ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ni dai sauran hutun nan a wurin Kawu na ƙare shi da littafi da biro, ina rubuta sunayen sassan mota kamar yadda direbobin Jega ke kiransu. Tankar tana nan bisa teburina. Allah Ya ƙara wa Kawu lafiya, Ya ba mu ikon sauraron manya, amin.