Daga Gajeren Zango Zuwa Manhajar Podkas

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin zuwan wayar salula, rediyo yana da hannu a tarbiyyarsa. Akwatin nan ne ya fara gaya mana sunayen ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, shi ya kuma koya mana cewa magana tana da kai tana da gindi, ba a yanke mata hukunci sai an ji ta duka. Yau da nake sauraron shirye-shirye ta manhajar podkas a wayata, nakan lura cewa kusan duk saitin da na yi mata daga waccan tarbiyya na ɗebo shi. Shi ya sa na ga ya dace in juya baya in duba, tunda waiwaye adon tafiya ne.

A Tudun Wadan Zariya na girma. Mahaifina tela ne, kuma a idona na yaro kayan aikinsa huɗu ne: keken ɗinki, almakashi, dutsen guga na gawayi, sai rediyo. Manyan batura yake ci, idan suka yi sanyi a shanya su a rana don a ƙara tatsar abin da ya rage. Eriyarsa ta daɗe da karyewa, aka ɗaura mata siririyar wayar tagulla aka saƙale a ƙusar taga. Da wannan ɗan tanadi Baba yake kamo London da Kolon da Washington ba tare da ya ɗaga ƙafa daga kan keke ba.

Muryoyin da muka tarar sun riga mu zuwa duniya. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957 da ɗan shiri na minti 15, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. A gida ga Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ana jin sa har ƙetaren iyaka. A lokacin tashoshin waje duk a gajeren zango ake kama su. Saƙonsu yakan tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Da yake hasken rana yana sauya yanayin wannan sashe, da rana sai an nemi tasha a mita 16 ko 19, da dare kuma a gangara mita 31 ko 41 ko 49. Baba bai karanta wannan a littafi ba, amma yatsunsa sun haddace shi. Yakan murza maɓalli a hankali, ya ratsa ƙugi da shuuu da harsunan da ba mu sani ba, har Hausa ta fito tangaran.

Da lokacin labarai ya yi, keke ya tsaya. Mai shayin da ke gefe ya matso, mai wankin hula ya baro kan dutsensa, wanda ya zo karɓar ɗinki ya nemi benci. Idan na kuskura na buɗe baki, Baba ya ce, "Kai, ɗan nan, yi mana shiru, ana labarai." Ba wanda ke tofa albarkacin bakinsa sai an rufe shiri. Daga nan ne muhawara za ta ɓarke, kuma sau da yawa wani dattijo zai ce, "Malam, a dakata tukuna, mu ji ta bakin Jamus." Ranar 8 ga Yunin 1998, da labarin rasuwar Janar Sani Abacha ya fara yawo a gari, haka shagon ya cika har bakin hanya. Mutane ba su yarda da ji-ta-ji-ta ba sai da suka ji daga tasha ɗaya, suka murɗa suka ji daga wata. A nan na koyi cewa labarin da aka ji daga baki ɗaya bai gama nuna ba.

A cikin gida kuwa sha'anin daban ne. Inna tana da nata ƙaramin rediyo a rataye kusa da madafa. Nata shirin shi ne zaɓi-sonka, inda ake miƙa gaisuwa daga gari zuwa gari, har sunayen wasu ma'abota shirin suka zama kamar 'yan uwa a bakinta alhali ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Mu yara Samanja muke jira, wasan marigayi Usman Baba Pategi, mu kwana muna kwaikwayon Hausarsa ta bariki. Idan azumi ya kama, gari ya ɗauka da tafsiri: na Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello, da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, kowane gida da wanda yake bi. Yayana kuwa ya taɓa aika tambaya zuwa shirin Amsoshin Takardunku. Ya manna kan sarki ya jefa a gidan waya, muka yi ta kasa kunne mako bayan mako, ranar da aka ambaci sunansa unguwa ta sha labari.

Ba komai na wancan zamani ne mai daɗi ba. Abin da ya wuce ka a rediyo ya wuce ke nan. Idan kana makarantar allo ko an aike ka kasuwa lokacin da aka sa shirin da kake so, sai dai a ba ka labari, kuma mai ba da labari yakan rage ko ya ƙara. Akwati ɗaya ne, babba ke da ikon maɓalli. Ranar da iska ta ƙi, ko batir ya mutu ana tsakiyar hira, ba ka da wurin kai ƙara. Kaset ne ya fara share mana hawaye. Mutum ya sayi wanda ba komai a ciki, ya ɗana yatsa a kan jan maɓalli, da an fara karatu ya danna. Haka gidaje da yawa suka tara kwalaye na tafsiri da waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya. Muradinmu tun a lokacin shi ne mu kama murya mu ajiye, mu ji ta sa'ad da muka ga dama.

Sauran matakan sun zo da sauri. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba da jimawa ba ƙananan wayoyi suka zo da rediyon FM a ciki. Freedom Radio ya buɗe a Kano a 2003, shirye-shirye irin su Inda Ranka suka zama abin hira a majalisu. Sai zamanin memori, inda za ka je wurin masu turi a kasuwar waya irin ta Farm Centre a cika maka shi da karatu da waƙa. A daidai wannan tsakanin, can a Turai da Amurka, podkas yana tasowa: a 2004 aka fara kiran sa da wannan suna, a 2005 kamfanin Apple ya buɗe masa ƙofa a manhajarsa ta iTunes. Yadda yake aiki ba wuya. Mai shiri ya naɗi sauti ya ɗora a intanet ƙarƙashin wani adireshi na dindindin da ake kira RSS. Kai kuma ka yi rajista da shirin sau ɗaya, manhajarka ta riƙa leƙa adireshin, duk sa'ad da sabon kashi ya fito ta kawo maka.

Ɗan yayata ne ya fara sa mini manhajar podkas. Ya gan ni ina ƙorafin shirin da ya wuce ni ina wurin aiki, ya ce, "Kawu, kawo wayarka in nuna maka abu." Ya sauke mini AntennaPod, wadda kyauta ce a wayoyin Android kuma ba ta da talla, ya ce akwai irinsu Pocket Casts da Spotify, masu iPhone kuma tasu tana ciki tun daga kamfani. Ya nuna mini inda ake rubuta sunan shiri a nemo shi, ya bar ni da sauran. Na ɗauki lokaci ina shiga lungu da saƙo na saitinta, kuma a nan ne na gane cewa manhaja takan zo da ɗabi'un da masu ƙera ta suka zaɓa, sai mai ita ya zauna ya gyara ta zuwa nasa hali.

Na fara da batun data, domin wanda ya tashi yana lallaɓa batir ba ya wasa da guzuri. Shirin magana na awa ɗaya yakan ci abin da ya kama daga megabait 30 zuwa 60, gwargwadon ingancin sautin, abin da bai kai ko kusa da na bidiyo ba. Duk da haka na hana ta sauke komai da kanta sai in akwai Wi-Fi, in babu kuma in sauke da hannuna cikin dare da datar dare mai rahusa. Abin da aka sauke yana nan ko a inda babu sabis, ko a motar haya tsakanin Zariya da Kano. Na kuma umarce ta ta goge duk kashin da na gama ji, don kada cikin waya ya cushe.

Sai layin saurare, wanda shi ne zuciyar abin. Na tsara shi kamar jadawalin tashar rediyo. Da safe labarai da sharhi, irin su Najeriya A Yau na jaridar Aminiya, tsakiyar mako kuma Daga Laraba. Da yamma tarihi ko hira mai tsawo, da dare karatu. Manhajar tana riƙe daidai inda na tsaya, in an kira salla in dakatar, in dawo in ɗora. Akwai agogon barci da ke kashe sauti bayan mintunan da ka ɗiba, na sa masa rabin awa. Na kashe ƙararrawar sanarwa baki ɗaya, domin ni nake so in je wurin shiri, ba shiri ya riƙa ƙwanƙwasa mini ƙofa ba.

Akwai saituna biyu da nake taka-tsantsan da su. Na farko ƙara sauri: idan ka kai shi ɗaya da rabi, shirin awa guda zai ƙare a minti 40. Yana da amfani ga rahoton da kake son sanin gundarinsa kawai. Amma ba na taɓa shi idan karatun Alƙur'ani ne, ko malami na bayani, ko dattijo na ba da tarihi. Na biyu shi ne wanda ke datse shirun da ke tsakanin kalmomi. Wannan kam a kashe na bar shi. Wanda ya zauna gaban manya ya san shirun da dattijo ke yi kafin ya ba da amsa yana cikin amsar. Idan na'ura ta cire shi, ta rage wa maganar nauyi.

Wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani shi ne adana jerin shirye-shiryensa. Yawancin manhajojin suna ba ka damar fitar da jerin a ɗan ƙaramin fayil mai suna OPML, ka ajiye, ka shigar da shi a wata manhajar duk ranar da ka sauya waya. Amfanin wannan ya fito fili a 2024 lokacin da Google ya rufe manhajarsa ta Google Podcasts, masu amfani da ita suka kwashe jerinsu suka koma wasu wurare.

Duk da wannan sauƙi, akwai abubuwa biyu da rediyo ya ba mu waɗanda manhaja ba ta zuwa da su. Na ɗaya, rediyo yakan tilasta maka jin abin da ba kai ka zaɓa ba. Kana jiran wasanni a sa maka shirin noma, kana ƙin ɗan siyasa a ba shi fili ya yi bayani, dole ka ji. Wasu manhajojin kuwa suna lura da abin da kake so su riƙa turo maka irinsa, har mutum ya wayi gari ba ya jin kowa sai masu ra'ayinsa. Maganin da na yi shi ne na daina bin shawarwarin manhaja, na kuma sa a layina shirye-shiryen mutanen da na san mun saɓa, ina jin su har ƙarshe. Na biyu, a da tare ake saurare, yau kowa ya toshe kunne da iyafis. Don haka wasu darare bayan sallar isha nakan haɗa wayar da ƙaramar sifika a tsakar gida, mu ji shiri ɗaya da iyali, a gama sannan kowa ya faɗi abin da ya fahimta, yara ma a ba su dama.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin Hausa a wannan fage. Ka rubuta kusan kowane fanni da Turanci ko Larabci, shirye-shirye za su zubo maka har ka rasa na zaɓa. Ka rubuta da Hausa, 'yan kaɗan ne za su fito, alhali mu al'umma ce da aka sani da riƙon rediyo, masu magana da harshen kuma miliyoyi ne daga Najeriya da Nijar har Gana da Kamaru da Sudan. Gidajen rediyonmu sun shafe shekaru suna naɗar hirarrakin malamai da sarakuna da mawaƙa da 'yan siyasar farko, kuma faifai da kaset ba sa jure zafi da laima har abada.

Kirana ga shugabannin gidajen rediyo shi ne su mayar da waɗannan taskoki zuwa na'urar zamani, su ɗora su a matsayin podkas tare da shirye-shiryensu na yau, don ɗan Maradi da ɗan Kumasi su same su a lokacin da suka samu sarari. Matasa kuma, wayar da ke hannunku ta isa ku naɗi hira da kakanninku kan sana'arsu da tarihin garinsu tun suna raye, domin kunne ya girmi kaka ne kawai idan an bar masa abin da zai ji. Kai kuma mai karatu, idan kana da irin wannan manhaja, ka ware lokaci ka shiga saitinta ka tsara ta da kanka, ka sa shirin Hausa a layinka, ka ji shi har ƙarshe, sannan ka tura wa ɗan uwanka.