Rigar da aka warware sau biyu

A hutun bara, kafin in koma Yamai, na roƙi Gwaggo ta saƙa mini rigar sanyi. A Damagaram take, gwauruwa ce, da saƙar hular jarirai da safa take ciyar da ƴaƴa huɗu. Ta ce jika 8. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba: "Haba Gwaggo, a bosho fa da jika 2 zan samu!"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "To ɗiyata, je ki saya." Ta ci gaba da aikinta.

Na je na saya kuwa. Mai kyau, ruwan toka, wata baturiya ta sa ta gaji da ita, aka ɗaure ta cikin dila ta ƙetaro teku. Kafin ɗari ya wuce wuyan ya saki, gwiwar hannu ta ɓule. Ba zagin bosho nake ba, shi ya rufa wa yawancinmu ɗalibai asiri. Amma da na kai wa tela sai ya ce irin wannan ba ta gyaruwa.

Da na dawo gida, sai na tarar da Gwaggo tana warware wata tsohuwar riga shuɗiya. Na gane ta. Ta yayana ce tun yana lakkwal, daga baya ta koma ta ƙanensa. Yanzu tana jan zaren, layi yana bin layi, tana naɗe shi a ƙafar kujera. Ta wanke shi, ta shanya a inuwa har lanƙwasar ta miƙe. Ta ce nawa ne, ulun kyauta, ladan hannu kawai zan biya.

A aji an koya mana cewa kwarashi da ulu kalmomin aro ne daga bakin Turawa. Saƙa kuwa tamu ce, ita ce ta masaƙi, ita ce ta mai tabarma, ita ce kuma ta wanda damuwa ta hana barci yana saƙa da warwara. Na daɗe ina faɗin wannan magana, ban taɓa ganin warwarar da idona ba sai ranar. Ashe ba ɓarna ba ce.

Kada in yi muku ƙarya, ulun nan ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne, daga waje ake kawo shi kamar boshon. Bambancin dai, wannan zaren ya shekara fiye da 10 a gidanmu, ga shi zai shiga jiki na uku.

Na ƙirga kwanakin, 19. Bayan azahar take farawa, ta aje kafin magariba, don idonta ba ya ganin zare mai duhu a hasken fitila yanzu. Na raba jika 8 ɗin nan da kwana 19, abin da ya fito bai kai kuɗin abincina na rana ɗaya a jami'a ba. Kunya ta hana ni kallonta.

Cikin ƴaƴanta ba mai son koyo, sun ce aikin tsofaffi ne. Ranar da na kai mata kuɗin, cif ba ragi, na ce ta ba ni kwarashi ɗaya in gwada. Na yi layi uku ina jin kaina. Ta karɓa, ta ɗaga shi sama ta duba, ta ja bakin zaren ya warware duka.

"Kin matse hannu da yawa," in ji ta. "Sake."