Bethesda, Inda Ake Zaƙulo Sojojin Jiki Daga Cikin Ƙari

Daga Washington jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a Bethesda, jihar Maryland, daidai bakin harabar NIH, babbar cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Katafaren asibitin jan bulon da ke tsakiyarta tun 1953 yake aiki, kuma majinyacin da ya shiga bincikensu ko kwabo ba ya biya. Aikin Dakta Steven Rosenberg kan sankarar mama ne ya kai ni.

Hikimar da shi da abokan aikinsa suka dogara da ita tana cikin jikin ɗan Adam tun fil azal. Kusan kowace ƙwayar halitta takan gutsuttsura furotin ɗin da take sarrafawa, ta baje gutsattsarin a fatarta bisa wani ɗan faifai da ake kira HLA, kamar mai talla ta baje hajarta. Sojojin garkuwar jiki, ƙwayoyin T, suna ta zagaye suna lalube. In na gida ne, su wuce. In kuwa sankara ta jirkita ƙwayar gado har gutsuren ya sauya kama, sojan da ya gane baƙon sai ya far wa ƙwayar. To, sankarar mama ba ta cika yawan irin wannan jirkicewa ba, shi ya sa aka daɗe ana zaton sojojin ba sa ganinta.

Haƙurin mutanen nan ne ya tsaya mini a rai. Sukan yanko ƙarin, su tantance jirkicewarsa, su raini ƙwayoyin T ɗin da suka kutsa cikinsa, su bi su da gwaji har a gano wanda ya san abokin gaba. A ƙarin wata mata 'yar Florida, wadda cutar ta kai mata har hanta, jirkicewa 62 aka samu. Huɗu kacal sojojinta suka gane. Sojojin da suka gane su ne aka hayayyafa suka kai biliyoyi, aka mayar mata a 2015, ƙarin ya ɓace ƙurmus. A rahotonsu na 2022, cikin mata 42 an samu irin waɗannan sojoji a jikin 28. Shida aka yi wa maganin, ƙarin da ke jikin uku daga cikinsu ya motse. Sauran ukun ma ba a ɓoye su ba, wannan kuwa ya ƙara musu ƙima a idona.

Da la'asar na zauna a zauren asibitin, wata mata ta wuce tana tura sandar ƙarin ruwa, kanta ɗaure da ɗankwali. Gwaggona ta faɗo mini a rai, wadda ta ɓoye kullutun da ke nononta shekara guda, har ya fashe.