Duwatsun da na kwashe daga gonar Baba

Jama'a, bana na tafka kuskure a gonarmu da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. Na sa yara suka tsince duwatsu, muka ƙone karan dawa, muka tumɓuke gamba, wai gona ta yi fes. Baba ya ce, "Kai yaro, ka tuɓe mata riga."

Da damina ta kankama, ƙasar ta yi ɓawo, ruwa ya gudu da takin da na ciyo bashi. Ashe dutsen da ke kwance a sama yana tare dukan ruwa, saiwar ciyawa kuma tana buɗe masa hanyar nutsewa. Shi ya sa manoman Keita a Nijar ke jera duwatsu a gona.

Baɗi in Allah ya kai mu, da hannuna zan mayar da su.