Hirar da Nake Yi da Marigayiya Josephine Tey

Akwai marubutan da mutum ke karantawa ya ajiye, akwai kuma waɗanda yake ta gardama da su a zuci ko da ƙasa ta rufe musu ido. Ni tawa abokiyar gardamar ita ce Josephine Tey, mutuniyar Sikotilan, wadda ta rasu a 1952, shekara guda bayan fitowar littafinta The Daughter of Time.

Labarin ba wuya. Wani ɗan sandan ciki, Alan Grant, yana kwance asibiti da karayar ƙafa, zaman banza ya ishe shi, sai ya ɗauko shari'ar da ta haura shekara 450, watau zargin da ake yi wa Sarki Richard na Uku na Ingila cewa shi ya sa aka kashe 'ya'yan wansa biyu a Hasumiyar Landan a 1483. Ba gawa, ba mai shaida a raye, sai takardu.

Abin da ya sa nake girmama baiwar Allah nan shi ne tambayar da ta koya mini: wa ya faɗa, a gidan wa kuma ya ci tuwo? Thomas More, wanda aka daɗe ana kafa hujja da tarihinsa, yana ɗan shekara biyar lokacin da abin ya faru, ya kuma yi zaman yaranta a gidan John Morton, abokin gāban Richard. Daga irin wannan rijiya Shakespeare ya ɗebo mugun sarkinsa mai ƙusumbi. Da aka tono ƙasusuwan Richard a wata ma'ajiyar motoci a Leicester a 2012, sai aka ga ƙashin bayansa a karkace yake kawai. 'Yan'uwa ɗaliban tarihi, wannan kaɗai ya isa ku nemi littafin.

Amma fa a nan muke rabuwa. Na ce da ita, Malama, kin fara a matsayin alƙali, kin ƙare a matsayin lauya. Kin wanke Richard tas, kin ɗora laifin a kan Henry na Bakwai wanda ya karɓe sarautar a 1485. To, ji-ta-ji-tar mutuwar yaran ta bazu tun Richard yana bisa gado. Me ya hana shi fito da su ko sau ɗaya jama'a su gani?